'Yan Tsakin Aji Uku

Ɗana na biyu ya mayar da ɗakin da ke bayan gidanmu na Funtuwa wurin kiwon kaji. A kwali ake kawo masa su daga kudu, 'yan kwana ɗaya, ba su taɓa ganin uwa ba, ya juye su a ƙarƙashin ƙwan lantarki ya zuba musu abincin buhu. Kowace safiya jikata takan shiga da bokiti ta tsince waɗanda suka mutu, ta kai bola, ta dawo ta wanke hannu ta ɗauki jakar makaranta. Ban taɓa ganin fuskarta ta sauya ba. Rannan na tambaye ta ko guda nawa suka mutu, ta ce ba ta duba ba. Ban ga laifinta ba, don abin da ya yi yawa ba ya shiga rai. Nakan zauna a tabarma ina jin kukansu, kuka ne a haɗe kamar ƙarar injin niƙa, ba ka iya ware muryar ɗaya daga cikinsu. Sai in ga hankalina ya koma wani aji mai daɓen ƙasa, inda muka taɓa riƙon guda takwas, kowanne kuma mun san muryarsa.

Ƙauyenmu yana can bayan Maska, inda hanyar mota take zama turbar jaki. A wancan zamani ba agogo ke tashe mu ba. Zakara zai fara, sai liman, sai taɓarya ta amsa daga gida zuwa gida har garin ya zama kamar ana kiɗa. Kafin rana ta ɗago na share tsakar gida, na jawo ruwa tulu biyu, na buɗe wa kajin Inna akurki, sannan in sha kunu a tsaye ina sauraren ƙarfen makaranta. Tsohon ƙarfen tayar mota ne aka rataye a jikin bishiyar bedi, idan aka buga shi har gonakin bakin rafi ana ji. Baba bai sa ni makaranta don yana so ba. Mai gari ne ya ce kowane gida ya ba da ɗa guda, shi kuma ya duba ya ga ƙannena maza za su yi masa rana a gona, sai ya ba da ni. Mu huɗu ne mata a ajinmu. Na san kuma, ko da ba wanda ya faɗa mini, cewa ranar da na ce na gaji, ba mai roƙona in koma. Yanzu jikokina har kuka suke yi idan an makara kai su a babur, amma idan suka dawo ka tambaye su me aka yi, sai su ce ba komai. Su sun fi ɗari a aji, malaminsu bai san sunan rabinsu ba.

Malaminmu na aji uku mutumin Malumfashi ne, dogo, siriri, mai yawan tari saboda alli. Malam Dogo muke ce masa a bayan idonsa. Wata safiya a farkon damina ya turo kekensa har cikin aji, abin da bai taɓa yi ba, da kwando ɗaure a baya an rufe shi da tsohon zane. Tun kafin ya buɗe muka ji kukansu.

"Matata ta tafi gida wankan jego," in ji shi. "Kazarta kuma jiya motar taki ta bi ta kanta. Ga marayu takwas. Idan na bar su a gida, kafin a tashi shirwa ta gama da su. Wa ya iya riƙon maraya a cikinku?"

Duk muka ɗaga hannu. Da yake benci takwas ne a ajin, sai ya ba kowane benci guda ɗaya, ya ciro zaren da ya roƙo wurin tela ya ɗaura wa kowanne a ƙafa, ja, kore, shuɗi, rawaya, da launi ya ƙare ya haɗa wa sauran bibbiyu. Daga ranar ajinmu ya zama wani abu dabam. Mu mata muke zuwa da tsakin gero a ƙulle a bakin zane. Maza sukan cusa busasshen kashin shanu da ƙaiƙayi a tsohuwar tukunya su kife ta a kan suri, washegari su ɗauko ta cike da gara, a zazzage a ƙasa, 'yan tsakin su yi ta wawa. Malam ya koya mana mu zuba tsakuwa a kaskon ruwa don kada wani ya faɗa ya nutse. Idan aka wayi gari da sanyin ruwan sama, mukan ɗebo garwashi daga gidan da ke kusa mu ajiye a gefen kwandon. Da an tashi yakan tafi da su gida a keke, da safe ya dawo da su. Hedimasta ya leƙo sau biyu yana toshe hanci, yana cewa makarantar gwamnati ce ba akurki ba, amma da ya ga yaran da iyayensu ke riƙewa don noma sun fara gudowa da sassafe, sai ya daina leƙowa. Har ƙadangaru suka gane kaskon. Ranar da Malam ya ga wani jangwada yana sha, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya rubuta mana a allo cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, ya ce mu kwafa sau biyar. Ita ce jimla ta farko da na rubuta ba tare da kuskure ba.

A bencin ƙarshe akwai wani yaro shi kaɗai, Mati, ɗan Fulanin da suka zauna a gefen gari. Ya girme mu, kullum a makare yake zuwa don sai ya fitar da maruƙa, yara kuma suna tsokanarsa wai yana warin nono, shi ya sa ba mai zama kusa da shi. Ba ya magana sai an tambaye shi. Cikin 'yan tsakin akwai baƙi guda ɗaya mai karkataccen yatsa, ba bencin da ya so shi, sai ya faɗo wa Mati, da jan zare a ƙafarsa. Ban san yadda aka yi ba, amma kafin sati biyu, idan Mati ya kaɗa harshe irin yadda yake wa maruƙa, ɗan tsakon nan zai baro 'yan'uwansa da gudu ya hau tafinsa, daga nan ya shige aljihun rigarsa ya kwanta. Muna karatu kana ganin ɗan baƙin kai ya leƙo. Wani lokaci nakan ji yana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Fillanci.

Da hutun tsakiyar damina ya zo, Malam ya ce zai tafi ganin jaririyarsa, ba zai iya kai kaji Malumfashi a keke ba. Mati ya miƙe, abin da bai saba ba.

"Malam, a ba ni nawa."

"Kai da kake bin shanu? Ina za ka sa shi?"

"A aljihu."

Aji ya fashe da dariya. Malam ya ce a'a, gara su zauna wuri ɗaya, ya kuma ce ni zan tafi da su, don ni ce ban taɓa mantawa da tsaki ba, ga shi uwata mai kiwon kaji ce. Na ɗora kwandon a ka ina jin kamar an naɗa ni sarauta. Na yi nisa sai na ji takun mutum a bayana. Mati ne. Bai kalle ni ba, kwandon yake kallo.

"Ba ya son dawa," ya ce. "Gero za ki ba shi."

Maganar da ya fara yi mini ke nan tun da muka shiga makaranta.

Kwana goma na farko ban bari ko ƙuda ya sauka a kansu ba. Ran na sha ɗaya aka yi gayya a gonar maƙwabcinmu, aka ce in kai wa su Baba abinci. Gari ya yi rana mai kyau, sai na fito da su na kife musu kwando a gefen rumbu, inda ƙasar take da laushi suna jin daɗin tono, na ɗora dutse a kai saboda shirwa. Inna tana surfe. Da yake ni ce 'yar fari ba ta kiran sunana.

"Ke, shigar da kwandon nan kafin ki tafi. Gabas ta yi nauyi."

Na ce to. Na duba sama ban ga komai ba, na ce a raina yanzu zan dawo, na ɗauki ƙwarya na fita ta bayanta. Yaran yanzu ba su san gayya ba, sai dai su ga mutum ɗaya da tankin feshi a baya yana tafiya shiru a cikin gona. Da kuwa majiya ƙarfi ne za su jeru da garma, makaɗi yana binsu yana kiran sunan uban kowa, ƙasa tana tashi, mata suna guɗa daga bakin gona. Na ajiye abinci na tsaya kallo. Ban san lokacin da hadari ya haɗu ba sai da iska ta kaɗa mini zane. Kafin in kai rabin hanya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Inna tana can tana kwashe shanya da goyo a bayanta, ta ɗauka na yi abin da ta ce. Wurin nan na gefen rumbu kuwa kwari ne, nan ruwan tsakar gida yake taruwa kafin ya fita. Dutsen da na ɗora don ya tsare su shi ya hana kwandon ɗagawa. Da na ɗaga shi, uku sun maƙale a jikin saƙar suna rawar sanyi. Biyar suna kwance a cikin ruwa. Baƙin yana ciki.

Inna ba ta doke ni ba. Kakata, uwar Baba, ita ta naɗe ukun a tsumma ta ajiye su kusa da murhu har suka farfaɗo. Ni na kwashi matattun na kai bola a bayan danga. Kafin in jefar da su na kwance zaren ƙafafunsu na ƙulle a bakin zanena. A lokacin na ce wa kaina don tunawa ne.

"Idan an koma ki faɗa wa malaminki yadda aka yi," in ji Kaka. "Rai na Allah ne. Kazar da ta ƙyanƙyashe su ma asara take yi, ba a kuma taɓa kai ta gaban alkali ba."

Na ce to, kamar yadda na ce wa Inna. Amma duk sauran hutun, idan na rufe ido sai in ga Mati yana kaɗa harshe ba abin da ya zo. Inna tana da wata kaza wake-wake mai 'ya'ya bakwai, kusan sa'annin namu, har da baƙi a ciki. Ranar komawa, Inna tana ɗaki tana fama da ƙanena, na watsa tsaki a bayan ɗaki, na kori uwar, na kife biyar da kwando. Na ɗaura musu zaren nan ɗaya bayan ɗaya, na haɗa su da ukun na fita ban sha kunu ba.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, ɗan tsakon da ya tashi a hannu daban yake da wanda ya tashi a bayan uwa. Da na buɗe kwandon a gaban aji, ukun suka fito a hankali suka nufi tafukan da suka sani. Biyar ɗin suka watse kamar an jefa musu dutse, suka shige ƙarƙashin benci suna kuka. Yara suka bi su suna dariya.

"Hutu ya sa sun manta da mu," in ji Malam, yana kallona.

"E, Malam."

Mati ya tsuguna ya kaɗa harshe. Baƙin ya ƙara gudu. Ya sake kaɗawa. Daga baya ya tashi ya rutsa shi a kusurwa, ya ɗago shi, ya juya ƙafar. Yatsun duk a miƙe suke. Ya daɗe yana kallon jan zaren, sannan ya ɗago.

"Ina nawa?"

"Shi ne wannan."

"Ina nawa?"

Sai muka ji sallama a bakin ƙofa. Kaka ce, da sandarta, da kazar Inna a hammata. Tsohuwar da ba ta taɓa taka harabar makaranta ba.

"Malamin boko, ka yi haƙuri da shigowa ba izini. Uwar wasu ɗalibanka na kawo. Tun safe ta hana mu sakat."

Ta sauke kazar a ƙasa. Kira ɗaya ta yi, biyar ɗin nan suka fito daga ƙarƙashin benci suka shige cikin fukafukanta, da zaren ajinmu a ƙafafunsu. Wani ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Kaka ba ta dube ni ba. Malam ya tsuguna da kansa ya kwance zaren, ya miƙa wa kowane benci nasa. Mati ya karɓi jan ya sa a aljihu, ya koma bencinsa ya zauna. Bai yi dariya ba, bai yi kuka ba.

Washegari da aka buga ƙarfe na ce kaina yana ciwo. Jibi ma haka. Baba ya ce, "To, dama. Ga Innarki da aiki ya yi mata yawa." Shi ke nan, magana ta ƙare. Na koma surfe da ɗaukar goyo, idan na ji ƙarfen sai in ƙara ƙarfin taɓarya. Ran na biyar bayan la'asar na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida, na ji tarin da na sani. Na laɓe a bayan ƙofar zaure.

"Malam, yarinya ta ce ba ta so," Baba yake cewa. "Ni kuma ban ga abin dole a ciki ba. Ai gwamnati ta ga mun ba da."

"Maigida, ni na ɗora wa ƙaramar yarinya kayan da ya kamata in ɗauka da kaina. Mutuwar kaji ba ta dame ni ba, ko a hannuna ruwa zai iya cinye su. Ƙaryar ce tata, ita kuma ba a gida za ta gyaru ba. Ka ba ni ita in ji daga bakinta."

Aka kira ni, na durƙusa kaina a ƙasa. Ya sa na faɗi yadda aka yi tun daga dutsen har zaren, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Gobe ki zo. Za su yi miki dariya kwana biyu, ko uku. Idan kika zauna a nan, za su yi miki ita har ki tsufa. Kuma ki nemi Mati ki ba shi haƙuri. Ni ba abin da kika ɗauke mini."

Baba ya ce in tashi in kawo wa baƙo ruwa. Na koma makaranta. Dariyar ta fi kwana uku, amma ta ƙare. Ukun nan suka girma a ajinmu har suka fi ƙarfin kwando, biyu mata, ɗaya zakara mai cara muna tsakiyar lissafi, sai da hedimasta ya rantse sai sun bar makaranta sannan Malam ya mayar wa matarsa da su. Na gama firamare, kuma da wannan ɗan karatun na duba wa 'ya'yana littattafansu, na karanta wasiƙun mijina da kaina ba tare da na kai wa kowa sirrina ba. Abu ɗaya ne ban yi ba. Kullum idan na shiga aji sai in ce yau zan je bencin ƙarshe, kullum sai kunya ta riƙe mini ƙafa in ce gobe. Da aka yi girbi iyayen Mati suka tashi da shanunsu suka yi wajen Dandume. Wata safiya dai muka ga bencin ba kowa.

Shekarun da suka biyo baya ba su da wani labari, aure ne da haihuwa da jana'iza, kamar na kowa. Inna ta tafi, Kaka ta riga ta, Malam Dogo na ji an ce tarin nan ne ya yi ajalinsa. Ƙauyen namu ma rabinsa ya watse tun da masu bindiga suka fara shigowa, gonar da aka yi gayyar nan ciyawa ce a cikinta, ba mai ƙarfin halin zuwa. Wanda ya je kwanan baya ya ce ajin namu ba rufi, awaki ke kwana a ciki. Ban ce a kai ni in gani ba.

Bara ina zaune a layin masu hawan jini a asibiti, ma'aikaciya ta kira wani tsoho ya karɓi katinsa, ta haɗa da sunan mahaifinsa. Na ɗago. Ya rame, ya ranƙwafa, rigarsa ta yi masa yawa, amma tafiyar tana nan. Mati ne. Da ya dawo ya zauna a ƙarshen bencin, na matsa na yi masa sallama, na faɗa masa 'yar gidan wa ce ni. Ya tuna garin. Ya tuna Malam Dogo, har ya kwaikwayi tarinsa muka yi dariya. Na tambaye shi iyali da dabbobi. Ya ce shanun an kore su rana ɗaya, babban ɗansa ya bi sawunsu bai dawo ba, yanzu yana zaune wurin 'yarsa a bakin gari. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin wani. Na yi masa ta'aziyya. Na so in yi shiru daga nan, amma na san ba ni da wata goben da zan jira.

"Malam Mati, akwai haƙƙinka a kaina. Ɗan tsakonka da aka ba ni riƙo, na bar shi ruwa ya kashe shi, na kuma yi maka ƙarya a gaban aji."

"Ɗan tsako?"

"Baƙi, mai karkataccen yatsa. Kana sa shi a aljihu."

Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana murza katin a hannunsa. Na ga da gaske nema yake yi.

"Hajiya, ki gafarce ni. Abubuwan da suka fita hannuna sun yi yawa, wannan bai zauna ba. Amma in dai akwai wani abu nawa a wurinki, na yafe, duniya da lahira."

Na ce na gode. Layi ya ci gaba da matsawa. Can sai ya juyo.

"Kin ce baƙi ne?"

"Baƙi ne."

"Yana zuwa idan na kira shi?"

"Da gudu yake zuwa."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"To, madalla," ya ce.

Aka kira sunansa, ya dafa sandarsa ya shiga wurin likita.